Yadda na auna bayanin manhajar binciken fihirisa kafin a miƙa ta ga wakilin AI

An ba ni wata manhaja da ke binciken fihirisa, wato jerin da rumbu ke ajiyewa don saurin gano layuka a teburi, a rumbun bayanai na PostgreSQL, aka ce in duba ko bayanin amfani da ita ya kai a sake ta ga wakilin ƙirƙirarriyar basira ya riƙa aiki da ita shi kaɗai. Ayyuka huɗu take yi: tana jero tambayoyin da suka fi cin lokaci, tana ba da shawarar fihirisar da ya kamata a gina, tana nuna hanyar da rumbu zai bi wajen amsa tambaya, sannan tana zaƙulo fihirisar da ba a amfani da ita. Wakilin yana magana da ita ta ƙa'idar MCP, wato tsarin da ke haɗa wakilan AI da manhajojin waje, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024. Ba zan ambaci sunan manhajar ba, don matsalolin da na gani ba nata ba ne ita kaɗai, duk mai irin wannan aiki zai iya cin karo da su.

Rabin ranar farko a banza ta tafi. Na zauna na karanta babban shafin bayaninta na README daga sama har ƙasa, ga hotuna, ga misalai, ga jadawalin kwatanta ta da wasu, har na fara ba ta maki mai kyau a takardata. Sai daga baya na tuna cewa wakilin ba ya ganin wannan shafi ko kaɗan. Abin da ke isa gare shi shi ne amsar da sabar manhajar ke bayarwa idan aka aika mata tools/list: sunan kowane aiki, 'yar jimlar da ke bayyana shi, da tsarin guraben da za a cike, wanda aka rubuta da JSON Schema. Wannan kaɗai ne bayanin da yake da shi a lokacin da zai yanke shawara. Na buɗe MCP Inspector, manhajar gwada sabar MCP, na haɗa ta da sabar, na kwafo amsar gaba ɗaya zuwa fayil, na ajiye ta kusa da README ɗin. Bambancin ya ba ni mamaki. Gargaɗin da ya ci sakin layi guda a shafin mutane, a wurin wakili ya koma kalmomi biyar ko shida, wani ma babu shi sam. Aikin nemo fihirisar da ba a amfani da ita, alal misali, bayaninsa bai wuce maimaita sunansa da wasu kalmomi ba. Daga nan na yaga takardar makin farko, na ɗauki fayil ɗin tools/list a matsayin ainihin abin da ake aunawa.

Mataki na biyu shi ne kafa wurin gwaji, kuma nan ne jira ya fi yawa. Manhajar ta dogara da ƙari biyu na PostgreSQL, wato ƙananan manhajoji da ake ɗora wa rumbun. Na farko pg_stat_statements, wanda ke tara lissafin kowace tambaya da aka yi wa rumbu. Bayanin ya ce a kunna shi da CREATE EXTENSION, ya tsaya nan. Bai faɗi cewa dole a fara saka sunansa a shared_preload_libraries ba, kuma wannan canji ba ya aiki sai an kashe sabar an sake tayar da ita. A kwamfutar gwaji wannan aikin minti biyu ne. A sabar da jama'a ke aiki a kanta kuwa sai an nemi izini an tsayar da lokaci, ni kwana biyu na jira kafin mai kula da rumbun ya samu sararin yi. Na biyu HypoPG, mai ƙirƙirar fihirisar gwaji wadda ba ta cin fili a faifai, mai tsara hanya, wato sashen rumbu da ke zaɓar yadda za a amsa tambaya, shi ne kawai ke ganin ta kamar tana nan. Shi ba ya zuwa tare da PostgreSQL, girka shi ake yi daban, kuma ba kowane kamfanin hayar rumbu ke ba da shi ba, sai ka duba jerin abin da suka yarda da shi. Akwai kuma batun izini, wanda bayanin bai taɓo ba ko da kalma ɗaya: idan asusun da manhajar ke shiga da shi ba ya cikin pg_read_all_stats, rubutun tambayoyin wasu asusu ba zai fito ba, sai dai a ga alamar rashin izini a gurbinsa. Na rubuta waɗannan uku a matsayin giɓi na farko, na wuce.

Bayanan gwajin da pgbench na haɗa su, wato manhajar auna ƙarfin PostgreSQL. Umarnin pgbench -i -s 10 yana gina teburi huɗu, babbansu pgbench_accounts mai layi 1,000,000, kuma fihirisar da ke kansa ita ce ta babban makulli, wato aid. Wannan ya ishe ni, amma da gangan na binne tarkuna a ciki, domin rumbu mai tsabta ba ya tona asirin bayani mara kyau. Na gina fihirisa biyu iri ɗaya a kan ginshiƙi ɗaya da suna daban. Na ƙara wani teburi mai fihirisar hana maimaici da aka gina da CREATE UNIQUE INDEX, wadda babu tambayar da ke bi ta kanta. Na gina wata da rahoton ƙarshen wata kaɗai ke buƙata. Na kuma rubuta tambaya mai tace layuka da ginshiƙin abalance, wanda pgbench ke sauyawa a kowane zagaye, na sa tana gudana sau da yawa don ta hau saman jerin masu cin lokaci. Sai na bar pgbench ya yi ta aiki na minti talatin don lissafi ya taru, na gudanar da ANALYZE, umarnin da ke sabunta ƙididdigar teburi, na ɗauki kwafin rumbun yadda zan iya mayar da shi daidai bayan kowane gwaji.

Gwajin kansa ga yadda na tsara shi. Na rubuta buƙatu goma sha biyu irin waɗanda mai aiki zai faɗa da bakinsa, kamar "shafin rahoto ya yi nauyi, duba min dalili" ko "rumbu na cin fili, me za mu iya gogewa". Kowace buƙata a sabon zama nake ba wakilin, ba tare da wata shimfiɗa daga gare ni ba, kuma sau uku nake maimaita ta, saboda wakili ba ya bin hanya ɗaya kullum, nasara sau ɗaya tana iya zama sa'a. Ina rubuta abu huɗu: wane aiki ya zaɓa, me ya cike a gurabe, yaya ya fassara amsar, me ya ce wa mutum a ƙarshe. Dokar da na gindaya wa kaina ita ce in kame bakina. Duk lokacin da na ji hannuna na ƙaiƙayin rubuta masa ƙarin haske, sai in rubuta wannan hasken a takarda, domin shi ne ainihin jimlar da ta ɓace a bayanin. Kuɗin da aikin ya ci ba wani abu ba ne illa tokin, wato ma'aunin rubutun da ake biyan kuɗin AI da shi, na zama talatin da shida, da kwana ɗaya na zaman kallo, sai dai a lura cewa bayanin dukkan ayyukan yana shiga rubutun da wakili ke karantawa a kowane zama, ko ya yi amfani da su ko bai yi ba, don haka tsawaita shi ma yana da farashi.

Tuntuɓe na farko a kan ma'auni ne. Akwai wani gurbi na mafi ƙarancin girman fihirisar da za a duba, an ce lamba ce, ba a ce ta mene ne ba. Wani zama wakilin ya saka 10 yana nufin megabait, wani zaman ya saka 10485760 yana nufin bait, kuma tunda manhajar megabait take ƙirgawa, na biyun ya dawo da jeri babu komai, wakilin ya sanar da ni cikin natsuwa cewa babu matsala a rumbun. Mafi muni shi ne lambar cost da ke fitowa a tsarin hanya. Wannan lamba ba lokaci ba ce. Awo ne na mai tsara hanya, inda karanta shafi ɗaya a jere yake daidai da 1.0, karanta shafi a warwatse kuma 4.0 idan ba a sauya saitin asali ba. Bayanin bai faɗi haka ba, amsar kuma lamba ce tsirara ƙarƙashin wani suna da marubutan suka ƙirƙira, sai wakilin ya ɗauke ta a matsayin milisakan, ya yi min alƙawarin cewa tambayar za ta sauko daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Wanda bai san rumbu ba zai karɓi wannan ya kai wa shugabansa.

Na biyu shi ne wanda ya sa na gyara zama. Aikin nuna hanya yana da wani gurbi mai suna analyze, na e ko a'a, bayaninsa kuma ya ce yana ba da sakamako mafi daidai. Wane wakili ne zai ƙi abin da aka ce masa ya fi daidai? Amma umarnin da wannan gurbi ke kunnawa, EXPLAIN ANALYZE, gudanar da tambayar yake yi da gaske. Idan SELECT ce mai nauyi, za ta ci sabar kamar yadda ta saba. Idan UPDATE ce ko DELETE, za ta sauya bayanai sai in an kewaye ta da BEGIN da ROLLBACK. Na ba wakilin wata UPDATE na ce ya duba dalilin jinkirinta, ya kunna analyze, na je na duba teburin, ga layukan sun sauya. Ba laifinsa ba ne, abin da aka rubuta masa ya bi. Akwai kuma wani sarƙaƙiya a nan: fihirisar HypoPG tana aiki ne da EXPLAIN kawai, da zarar an haɗa da ANALYZE sai rumbu ya yi kamar ba ta nan, tunda babu ita a zahiri. Manhajar ta karɓi guraben biyu tare ba ta ce uffan ba, ta dawo da tsarin hanya mara fihirisa, wakilin ya yanke hukuncin cewa fihirisar da ya gwada ba ta da amfani. Alhali da ya kashe analyze da ya ga akasin haka. Jimla ɗaya da ke cewa kada a haɗa su za ta kawar da wannan kuskure gaba ɗaya.

Sai batun tambayoyi masu alamar $1. Shi pg_stat_statements yana cire ainihin lambobi da kalmomin da ke cikin tambaya ya maye gurbinsu da $1, $2, don ya haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Wakilin yakan kwafo tambayar haka daga aiki na farko ya miƙa wa aikin nuna hanya, abin da kowa zai yi. A PostgreSQL 16 da ya fito a 2023 an ƙara zaɓin GENERIC_PLAN wanda ke karɓar irin wannan, amma a sigogin da suka gabace shi kuskure ake samu. Na gwada a 15 da 16 duka, kuma bayanin bai ambaci siga ba ko sau ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a manhajar da ke karanta teburan lissafi, domin sunayen ginshiƙai suna sauyawa: total_time ya koma total_exec_time tun daga siga ta 13. Abin da na fi sa wa ido shi ne saƙon kuskuren. A MCP, idan aiki ya gaza ana mayar da sakamako mai alamar isError tare da rubutu, don wakili ya karanta ya gyara. Wannan rubutu shi ma bayani ne, wataƙila ma shi ne mafi muhimmanci, saboda yana zuwa daidai lokacin buƙata. Nata saƙon cewa kawai yake an kasa gudanar da tambaya. Wakilin ya sake aika abu ɗaya sau uku, sannan ya ƙirƙiro lambobi daga kansa ya cike guraben, bai kuma gaya min ya yi hakan ba sai da na bi sawun kiran.

Na daɗe a kan aikin fihirisar da ba a amfani da ita, don shi ne ke kaiwa ga gogewa. Manhajar tana duba idx_scan, wato sau nawa aka bi ta kan fihirisa, a pg_stat_user_indexes, duk wadda ke da sifili sai ta jero ta. Sifili tun yaushe? Lissafin yana farawa ne daga ranar da aka share shi, ko da pg_stat_reset ko bayan sabar ta faɗi ta farfaɗo, kuma ana iya duba stats_reset a pg_stat_database. Rumbuna minti talatin kawai ya yi yana tara lissafi, amma amsar ba ta ɗauke da wannan ba, don haka fihirisar rahoton wata ta fito a jeri kamar matacciya. Haka kuma kowace saba nata lissafin take riƙewa: idan ana aika tambayoyin karatu zuwa sabar kwafi, babbar sabar za ta nuna sifili a kan fihirisar da ake bi dubban sau a can. Sai tarkon hana maimaici. Binciken da rumbu ke yi don tabbatar da cewa ba a shigar da abu sau biyu ba, ba ya ƙara idx_scan. Fihirisar babban makulli rumbu ba zai bari a goge ta kai tsaye ba, amma wadda aka gina da CREATE UNIQUE INDEX za ta gogu salin alin, daga ranar kuma maimaici ya samu ƙofa. A zama biyu cikin uku wakilin ya rubuto min DROP INDEX a kanta. Fihirisa biyun masu kama ɗaya kuwa ya gano su daidai, wannan na yaba.

Shawarar gina sabuwa ma tana da nata. Ta ba da shawarar fihirisa a kan abalance, kuma ta fuskar karatu gaskiya ta faɗa. Abin da ba a rubuta ba shi ne cewa lissafinta bai haɗa da nauyin rubutu ba. PostgreSQL yana da wata hanya mai sauƙi ta sabunta layi, HOT, wadda ba ta taɓa fihirisa, amma tana yiwuwa ne idan ginshiƙin da aka sauya ba shi da irin wannan fihirisa a kansa. Na gina ta don in gani, na sake sakin pgbench, sai n_tup_hot_upd na teburin, mai ƙirga sabuntawar HOT, ya kusan tsayawa cak. Bugu da ƙari, umarnin da manhajar ke fitarwa CREATE INDEX ne zalla, wanda ke hana rubutu a teburi har ya gama. Ba a ambaci CONCURRENTLY, zaɓin da ke gina fihirisa ba tare da hana rubutu ba, balle a ce ba ya gudana cikin BEGIN da COMMIT, ko a ce idan ya gaza a tsakiya yana barin fihirisa mai alamar INVALID da sai an goge ta da hannu.

Na kuma duba alamomin da ƙa'idar MCP ta ƙara a sigar watan Maris na 2025, irin su readOnlyHint, alamar karatu kawai, da destructiveHint, alamar aikin da zai iya gogewa ko sauya bayanai. Duk ayyukan huɗu an yi musu alamar karatu kawai, har da wanda ya sauya min layuka. Ƙa'idar da kanta ta ce waɗannan nuni ne, ba tabbaci ba, amma wasu manhajojin da ke ɗauke da wakili suna duba su wajen yanke ko za su nemi amincewar mutum, don haka alamar ƙarya ta fi rashin alama haɗari. Tun daga nan na koma gwaji da asusun da ba shi da izinin rubutu, na kunna masa default_transaction_read_only, na sa statement_timeout na daƙiƙa talatin. Da na maimaita gwajin UPDATE, rumbun da kansa ya ƙi.

Mataki na ƙarshe shi ne tabbatar da cewa laifin na bayani ne, ba na wakili ba. Na kwafi manhajar, ban taɓa yadda take aiki ba, rubutun kawai na sauya. Kowane aiki na ba shi jimloli uku zuwa biyar: me yake yi, yaushe ake amfani da shi kuma yaushe ba a yi, me yake buƙata kafin ya yi aiki, me ba ya lissafawa. Kowane gurbi na rubuta ma'auninsa da abin da zai ɗauka idan an bar shi fanko. Saƙon kuskure na sa ya faɗi dalili da mafita, misali cewa tambayar na da $1 kuma sigar rumbun ba ta kai 16 ba, a kawo ainihin lambobi daga mai aiki. Na mayar da rumbun, na sake buƙatu goma sha biyun. Rikicin ma'auni ya ɓace, haɗa analyze da fihirisar gwaji ya ɓace, wakilin kuma ya fara tambayata ko akwai sabar kwafi kafin ya ba da shawarar gogewa. Wannan kwatanci na kafin da bayan shi ne hujjar da na haɗa na aika wa masu manhajar, kowane giɓi da jimlar da ta rufe shi da kwafin kiran da ya nuna shi. Sai bayan mako guda aka amsa, aka karɓi gyaran rubutun, batun alamar karatu kawai kuma aka ce ana dubawa.

Wanda zai yi irin wannan aiki, ya fara neman izinin girka ƙarin biyu tun ranar farko, don jiran ya tafi tare da sauran shiri. Ya ciro tools/list kafin ya buɗe README, in ba haka ba abin da ya karanta zai riƙa cike masa giɓin da wakili ba zai iya cikewa ba. Kada ya auna da kyan rubutu ko tsawonsa. Bayanin aikin jero tambayoyi masu nauyi gajere ne, kuma bai ɓatar da wakilin ko sau ɗaya ba, saboda ya faɗi da wane ginshiƙi yake jerawa da layi nawa yake dawowa da su. Ya kuma ware abin da rubutu ke iya gyarawa daga wanda ba ya iyawa. Akwai abu ɗaya da duk gyaran da na yi bai magance ba: ko da na rubuta ƙarara cewa lissafin na iya zama na ɗan lokaci, wakilin ba shi da hanyar sanin tsawon lokacin, tunda amsar ba ta ɗauke da shi. Wannan sai an sauya manhajar kanta ta riƙa haɗa stats_reset a sakamako, da last_idx_scan, lokacin ƙarshe da aka bi ta kan fihirisa, ga masu siga ta 16 zuwa sama, da alamar da ke nuna fihirisar hana maimaici. Kafin a yi hakan, na ba da izinin ayyuka uku a kan asusun karatu kawai, na huɗun kuma na cire shi daga jerin da wakilin ke gani.